Amsoshin Tambayoyinku: Da Wace Siffa Zan Nemi Mutum a Kundin LDAP?

TAMBAYA: Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata makarantar gaba da sakandare. Ma'aikatanmu da ɗalibanmu duk suna da asusu a Active Directory. Kwanan nan muka kafa wata manhajar karatu ta intanet, muna so kowa ya riƙa shiga da asusunsa na makaranta. Manhajar ta ce in rubuta siffar da za ta nemi mutum da ita, sai na rubuta cn. Yanzu wasu na shiga, wasu kuma ta ƙi su, musamman masu suna iri ɗaya. Idan kuma na nemi jerin mutanenmu, har kwamfutoci ke fitowa a ciki, sannan lissafin ya tsaya cak a kan 1000 alhali mun wuce haka nesa ba kusa ba. Wace siffa ya kamata in zaɓa? Allah ya ƙara basira. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Amin, ɗan'uwa. Gajeriyar amsa ita ce ka cire cn daga wannan gurbi ka sa sAMAccountName. Da yawa daga waɗanda manhajar ta ƙi za su shiga a ranar. Amma idan na tsaya a nan na cuce ka, domin wata shida ko shekara mai zuwa matsalar za ta dawo da wata kama. Don haka ka yi haƙuri mu bi abin daki-daki.

LDAP ƙa'ida ce ta yadda manhaja ke yi wa kundin asusu tambaya. Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da ita a 1993, domin sauƙaƙa wani tsari mai nauyi da ake kira X.500. Zubi na 3, wanda kowa ke amfani da shi yau, ya fito a 1997, aka sake tsara takardunsa a 2006. Active Directory na Microsoft, da ya zo da Windows 2000, yana jin wannan yare. OpenLDAP ma, da aka fara a 1998, yana ji. A cikin kundin, kowane mutum yana da rajista ɗaya, rajistar kuma tarin siffofi ce, kowace da sunanta da abin da ke cikinta: givenName sunan yanka, mail adireshin imel, telephoneNumber lambar waya, da sauransu.

Abin da ke rikita mutane shi ne ana zaɓen siffa a wurare uku daban, amma sai a ɗauka tambaya ɗaya ce. Akwai siffar da za a nemo mutum da ita lokacin da ya zo shiga. Akwai siffofin da kake so kundin ya miƙo maka bayan an same shi. Akwai kuma siffar da manhajarka za ta ajiye a rumbunta don ta gane mutumin gobe da jibi. Siffar da ta dace da aiki na farko sau da yawa ba ta dace da na uku ba, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi daga haɗe su take.

Mu fara da cn ɗin da ka sa. A Active Directory, idan ka buɗe wa mutum asusu ta hanyar da aka saba, cn yakan ɗauki cikakken sunansa. Kundin ba ya hana mutum biyu su yi tarayya a cn, sai fa idan suna cikin jaka ɗaya, wato OU ɗaya. Idan akwai Muhammad Sani a jakar ma'aikata, akwai wani a jakar ɗaliban kimiyya, akwai na uku a ta ɗaliban kasuwanci, kundin bai ga laifi ba. Manhajarka ce za ta nemi mutum ɗaya a miƙo mata uku. Manhajar da aka rubuta da hankali za ta ƙi su duka, kamar yadda taka ta yi. Wadda aka rubuta da gaggawa za ta ɗauki na farko, wannan kuwa ya fi muni, domin tana iya gwada kalmar sirrin wani a kan asusun wani, ko ta jingina bayanan wani ga wani.

A wurinmu wannan matsala ta fi tsanani fiye da inda aka ƙirƙiro tsarin. Waɗanda suka tsara siffofin sun ɗauka kowa yana da sunan yanka da sunan iyali da ake gada, shi ya sa a asalin ƙa'idar rajistar mutum ba ta cika sai da cn da sn, wato sunan iyali. Mu kuwa sunan uba muke jinginawa, wani ya ƙara da na kaka, wani da na garinsu. Ɗalibi ɗaya a takardar firamare Muhammadu ne, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad. Mace ta yi aure ta koma amfani da sunan miji, ko ta ci gaba da na mahaifinta a wata takardar. A aji ɗaya sai ka tarar da Abubakar Ibrahim da Ibrahim Abubakar, mai shigar da bayanai kuma ya juya su ba tare da ya lura ba. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. LDAP zubi na 3 yana amfani da UTF-8, don haka ɗ da ƙ da ɓ suna zama lafiya a cikinsa, amma a tsarin Unicode ɗ harafi ne mai zaman kansa, ba d ba ne da aka yi wa ado. A OpenLDAP wanda ya rubuta Danladi ba zai samo Ɗanladi ba. Haka alamar da ke cikin Sa'idu da A'isha: wata madannin tana buga miƙaƙƙiya, wata manhajar rubutu tana mayar da ita lanƙwasasshiya, ido yana ganin abu ɗaya, kwamfuta tana ganin biyu. Ni ina goyon bayan a rubuta wa kowa sunansa daidai da lanƙwasarsa, haƙƙinsa ne. Amma wurin wannan shi ne displayName, siffar da ake nunawa a fuskar manhaja. Sunan mutum na kira ne da nunawa, ba na tantancewa ba ne.

To, sAMAccountName fa? Shi ne gajeren sunan da mutanenka ke bugawa kullum idan za su buɗe kwamfutar ofis. Gado ne daga zamanin Windows NT, shi ya sa ba ya wuce harafi 20 a asusun mutane. Amfaninsa shi ne kundin da kansa ke tabbatar da cewa ba a maimaita shi a cikin domen ɗaya, kuma kowane asusu dole yana da shi. Tunda makaranta ɗaya ce, ina kyautata zaton domen ɗaya gare ku, don haka ya ishe ka.

Akwai ɗan'uwansa userPrincipalName, mai kama da adireshin imel, suna sai alamar @ sai sunan domen. Shi ya fi dacewa idan kuna da domen fiye da ɗaya a gungu guda, ko kun haɗa asusunku da Microsoft 365, inda mutane suka riga suka saba shiga da shi. Abu biyu za ka kiyaye. Ba dole ne kowane asusu ya kasance da shi ba: asusun Administrator na asali ba ya zuwa da shi, kuma waɗanda aka zuba da yawa lokaci guda ta hanyar ɗan rubutun umarni sukan fito babu shi idan mai rubutun bai sa ba. Sannan kamarsa da imel ba ta sa ya zama imel. Adireshin wasiƙa na gaskiya yana cikin mail.

Ita mail ɗin mutane na son shiga da ita don ba a mantawa. Ban hana ba, amma ka sani Active Directory ba ya hana asusu biyu su ɗauki mail ɗaya, kuma ba ya tilasta a cike ta. Malamin da ke da asusun koyarwa da asusun gudanarwa yakan sa adireshi ɗaya a duka biyun, sai ka koma gidan jiya. Ga mai amfani da OpenLDAP, takwarar sAMAccountName ita ce uid. Kada a rikita ta da uidNumber, wadda lamba ce ta Linux. A can ma uwar garken ba ta hana maimaita uid sai mai kula ya kunna ƙarin da ake kira unique.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa. Ka ce mun gyara, kowa na shiga da sAMAccountName. Manhajar ta buɗe wa kowa shafi, ta ajiye makinsa da ayyukansa a ƙarƙashin wannan suna. Sai wata ma'aikaciya ta nemi a sauya mata sunan shiga, ka sauya. Da ta shiga, manhajar ta ga baƙuwa, ta buɗe mata sabon shafi fayau, aikin shekara uku ya maƙale a tsohon suna. Wannan ma da sauƙi. Ɗalibi ya kammala, ka goge asusunsa, bayan shekara biyu sabon ɗalibi mai irin sunansa ya zo ka ba shi sunan shigar da ya zama fanko. Ranar da ya shiga, manhajar za ta miƙa masa makin wancan da saƙonninsa. Ba kutse aka yi ba, ba a saci kalmar sirrin kowa ba, amma sirrin mutum ya fita.

Ka tuna yadda ɗakin kati na asibiti ke aiki. Da sunanka ake kiranka a layi, amma da lambar kati ake ciro fayil ɗinka, domin masu sunanka suna da yawa, lambar kuwa taka ce kai kaɗai. A Active Directory wannan lamba ita ce objectGUID. Tsawonta bit 128, kundin ke ƙirƙirar ta ranar da aka buɗe asusu, ba ta sauyawa ko an sauya suna, ko an mayar da mutum wata jaka, ko an kai shi wani domen a cikin gungun. Idan aka goge asusu aka buɗe sabo da suna iri ɗaya, sabon yana samun wata lambar daban, wanda shi ne ainihin abin da muke so. A OpenLDAP sunanta entryUUID. Manhajoji masu kyau sun san haka. Nextcloud, alal misali, da irin wannan lamba yake gane masu shiga ta LDAP tun daga saitinsa na asali. Ka duba saitin manhajarka ko tana da gurbin siffar da ba ta sauyawa, dabam da gurbin sunan shiga. Idan akwai, objectGUID za ka sa, kuma ka sa tun kafin mutane su tara aiki a ciki, domin sauya wannan daga baya aiki ne ja. Idan babu, to ka kafa doka a ofishinku: ba a sake ba wa kowa sunan shigar da wani ya taɓa riƙewa, kuma ba a sauya sunan shiga sai an sauya shi a manhajar a lokaci guda.

Wani zai ce me ya hana a ajiye distinguishedName, tunda shi ne cikakken adireshin mutum a kundi kuma babu biyunsa? Babu biyunsa a yau. Amma a cikinsa akwai cn da sunan jaka, don haka ranar da ka mayar da ɗalibi daga jakar aji ɗaya zuwa ta aji biyu, adireshin ya sauya. Shi kuma objectSid, lambar nan mai farawa da S-1-5-21, yana da ƙarko a cikin domen, amma yana sauyawa idan aka yi wa asusu ƙaura zuwa wani domen. Ga mai rubuta manhaja da kansa, objectGUID ba rubutu ba ne, bayit 16 ne zalla. Dole ka gaya wa ɗakin karatun manhajarka ya karɓe shi a haka, in ba haka ba zai yi ƙoƙarin karanta shi a matsayin haruffa ya lalata shi. Kuma Windows yana juya jerin bayit na kashi uku na farko idan zai nuna lambar, don haka kada ka firgita idan abin da ka karanto bai yi kama da wanda kake gani a allo ba.

Batun kwamfutoci da ke fitowa cikin jerin mutane kuwa, daga sharaɗin nemanka ne. Na tabbata objectClass=user ka rubuta. A Active Directory ajin computer reshe ne na ajin user, don haka kowace kwamfuta ma user ce a idon kundin. Ka haɗa sharaɗi biyu: objectCategory=person da objectClass=user, kowanne a cikin baka biyu nasa, ka tattara su cikin wata baka biyun da alamar & a farkonta. Na farko yana kore kwamfutoci, na biyu yana kore rajistar abokan hulɗa da ba su da asusun shiga. Ko ka yi amfani da sharaɗi guda, sAMAccountType=805306368, wanda asusun mutane kawai yake kamawa.

Za ka kuma so kore waɗanda aka dakatar. Wannan yana cikin userAccountControl, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sukan ji cewa 512 asusu ne mai aiki, 514 wanda aka dakatar, sai su rubuta userAccountControl=512. Gaskiya ne, amma lambar jimillar tutoci ce da aka tara. 512 na nufin asusu na yau da kullum, 2 na nufin an dakatar, 65536 na nufin kalmar sirri ba ta ƙarewa. Asusu mai aiki wanda kalmar sirrinsa ba ta ƙarewa 66048 ne, idan aka dakatar da shi ya zama 66050. Wanda ya nemi 512 kawai ya zubar da duk masu 66048 ba tare da ya sani ba. Hanyar da ta dace ita ce a tambayi tutar kanta: userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2 yana kama duk wanda aka dakatar, sai ka sa alamar ! a gabansa don ka kore su. Kulle asusu na ɗan lokaci saboda yawan kuskuren kalmar sirri wani abu ne daban, kada ka neme shi a wannan siffa. Ka duba lockoutTime ko msDS-User-Account-Control-Computed.

Tsayawar da lissafi ke yi a 1000 ba lalacewa ba ce. Active Directory yana da iyaka mai suna MaxPageSize, saitinta na asali 1000, ba ya miƙo abin da ya wuce haka a amsa ɗaya. OpenLDAP nasa 500 ne. Za ka ga ana ba da shawarar a ɗaga iyakar a uwar garke. Ban ba ka wannan shawara ba, an sa iyakar ne don kada tambaya ɗaya ta danne kowa. Ka kunna nema shafi-shafi a manhajarka, ta riƙa karɓa 500 bayan 500 har a gama. A ldapsearch ana yin haka da -E pr=500/noprompt. Akwai wata iyakar makamanciya a siffa mai ɗauke da abubuwa da yawa: member na babban rukuni ba ya fitowa fiye da 1500 a karo ɗaya, sai an riƙa nema kashi-kashi.

Sai aiki na biyu, wato abin da za a miƙo maka. Idan ba ka ambaci siffa ko ɗaya ba, ko ka sa alamar *, kundin zai juye maka duk siffofin yau da kullum da kake da izinin gani. A mutum ɗaya ba komai. A mutum dubu biyar, kowanne da hotonsa a thumbnailPhoto da zai iya kai kilobayit 100, da takardun shaidarsa na lantarki, da jerin rukunoninsa, abin ya zama kaya, musamman idan manhajar tana wani gari kuma layin da ke tsakaninku ba shi da ƙarfi. Ka lissafo abin da kake buƙata da sunansa. Ga manhajar karatu ban ga abin da zai sa ka wuce objectGUID, sAMAccountName, givenName, sn, displayName, mail, da memberOf idan da rukuni za ka raba malamai da ɗalibai ba. Idan so kake kawai ka san ko mutum yana nan, ka rubuta 1.1 a wurin jerin siffofi, ma'anarsa kada a miƙo ko ɗaya, adireshin rajistar kaɗai. A OpenLDAP, entryUUID da ire-irensa siffofin gudanarwa ne, * ba ya kawo su, sai ka kira su da suna ko ka sa alamar +. PowerShell ma haka yake da tsimi: Get-ADUser siffa goma kawai yake nunawa, mail ba ta ciki, sai ka ƙara da -Properties.

Nauyin layi ba shi ne babban dalilina ba. Duk siffar da ka jawo ta zauna a rumbun manhajarka, ta zama amana a wuyanka. Lambar wayar gida, adireshin unguwa, lambar ma'aikaci, sunan shugabansa, me manhajar karatu za ta yi da su? Ranar da aka fasa manhajar, abin da ka jawo shi za a kwashe. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce a taƙaita tara bayanan mutum ga abin da aikin ke buƙata. Ka kuma leƙa description na asusunku. A saitin asali, duk mai asusu a domen yana iya karanta mafi yawan siffofin kowa, kuma tsohuwar al'ada ce mara kyau a wurin masu kula da kwamfuta su ajiye kalmar sirrin farko a wannan gurbi. Idan ka tarar da haka, goge ta yau ka sauya kalmar.

Idan ka nemi siffa ba ta fito ba, kundin ba zai ce maka uffan ba. Ƙa'idar LDAP ta ce a yi watsi da sunan siffar da ba a gane ba, kuma siffar da babu komai a cikinta ba a aiko ta ko da fanko. Don haka shirun yana iya nufin ba a cike ta ba, ko asusun da ka yi tambayar da shi ba shi da izini, ko ka yi kuskuren harafi. Idan kuma ta ƙofa 3268 ka shiga maimakon 389, to Global Catalog kake tambaya, shi kuwa wani yanki na siffofin kawai yake riƙewa.

memberOf tana da halinta. Rukunin da mutum yake ciki kai tsaye kawai take nunawa. Idan malami yana rukunin sashen lissafi, shi kuma rukunin yana cikin babban rukunin malamai, memberOf ɗinsa ba za ta ambaci babban ba. Don a bi sarƙar har ƙarshe ana amfani da memberOf:1.2.840.113556.1.4.1941:= sai adireshin rukunin, sai dai yana da nauyi a babban kundi. Haka kuma ba ta nuna rukunin asali, wanda ga yawancin mutane Domain Users ne. Shi yana ɓoye a primaryGroupID a matsayin 513. Wanda ya ce sai 'yan Domain Users za su shiga, ya dogara da memberOf, zai wayi gari ba mai shiga.

Ba ka tambaya ba, amma na san watarana shugabanka zai ce ka kawo jerin waɗanda suka daɗe ba su shiga ba don a rufe asusunsu. Kada ka ɗauki lastLogon idan uwar garken domen ɗinku ta wuce ɗaya, domin kowace tana riƙe da nata ne, ba sa musayar sa. lastLogonTimestamp ake musaya, amma yana iya yin baya da kwana 9 zuwa 14. Ya isa a gano wanda ya yi wata uku bai shiga ba, bai isa a ce wane bai zo aiki jiya ba, kuma kada ka yarda a hukunta ma'aikaci da shi. Lambar mai tsawon nan da za ka gani ƙidaya ce ta kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1601. Ka raba ta da miliyan goma, ka debe 11644473600, za ka sami lokacin Unix da kowace manhaja ta sani. Agogon UTC ne, sai ka ƙara awa ɗaya don lokacin Najeriya da Nijar.

Kalmar sirri kuwa ba siffar da za ka nema ba ce. Active Directory ba ya miƙo unicodePwd ga kowa, ko da babban mai kula ne. Yadda abin yake shi ne manhaja ta shiga da wani ƙaramin asusun hidima, ta nemo mutum da sAMAccountName, ta karɓi adireshin rajistarsa, sannan ta sake ƙwanƙwasa ƙofa da wannan adireshi da kalmar da mutumin ya buga. Idan kundin ya buɗe, kalmar daidai ce. Idan ya ƙi, zai dawo da kuskure mai lamba 49, Active Directory kuma yana ƙara ɗan bayani a ciki: 52e kalmar ba daidai ba, 532 ta ƙare, 533 an dakatar da asusun, 775 an kulle shi. Waɗannan za su rage maka wahala idan mutane suka cika maka ofis. Ka tabbata wannan zirga-zirga tana bi ta ƙofa 636 ko da StartTLS, domin a 389 tsirara kalmar sirri a fili take tafiya. Asusun hidimar ya zama na karatu kawai, kada ka ba manhaja asusun mai kula da domen don gudun wahalar saiti. Ka gwada shiga da sunan wani ka bar gurbin kalmar sirri fanko. Uwar garke tana iya ɗaukar wannan a matsayin shigar baƙo ta amsa da nasara, manhajar da ba ta lura ba kuma ta buɗe ƙofa. Ka kuma gwada buga * a gurbin suna. Idan ta samo wani, to ba ta tace abin da ake bugawa, kuma mai mugun nufi zai iya sauya sharaɗin nemanka da hannunsa.

Kafin ka taɓa saitin manhajar, ka buɗe rajistar mutum uku ko huɗu ka ga abin da ke ciki da idonka: tsohon ma'aikaci, sabon ɗalibi, wanda aka dakatar, da ɗaya daga masu suna iri ɗayan nan. A Active Directory Users and Computers ka kunna Advanced Features, shafin Attribute Editor zai bayyana. Apache Directory Studio ma kyauta ne kuma yana aiki da kowane kundi. Ka yi gwajin da asusun hidimar, ba da naka ba, domin abin da shi yake gani ne manhajar za ta gani. Waɗanda suka riga suka shiga da cn kuma, manhajar ta ajiye su da wancan suna, sai ka daidaita shafukansu da sabon sunan shiga kafin ka sauya, ka yi ajiyar rumbun tukuna, ka zaɓi ranar da babu jarrabawa. Idan ka gama ka rubuto mana yadda aka kwashe. Allah ya taimaka.